Ku Riƙe Abin da Kuka Gina

'Ya'yana na Ikara da Makarfi da Kudan. Maganata yau da ku ce, ku da kuka koyi gina shafin intanet da rubuta manhaja. Wasunku a Jami'ar Ahmadu Bello suka koya, wasu a kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a 2023, wasu kuwa a waya kaɗai, da datar dare da haƙurin jiran a kawo wuta. Ina alfahari da ku ƙwarai. Wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba sai a 2001, amma ga shi yau yaro a Hunkuyi ko Paki yana zaune a zauren gidansu yana haɗa abin da mutum zai buɗe daga Makka ko Landan. Allah Ya ƙara basira.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Yaro zai turo mini adireshin shafinsa cike da murna, in buɗe in ga abu gwanin sha'awa, in sa masa albarka. Bayan 'yan watanni in koma, sai in tarar shafin ba ya buɗuwa, ko kuwa yana nan da labarin ranar farko, ba a ƙara ko harafi ba. In na tambaya sai a ce, "Ai Baba, sabo nake haɗawa, wancan ya tsufa." Sabon ma haka zai ƙare. Haka nan manhajojin da kuke rubutawa don kammala karatu: da an ba da maki sai su kwanta a kwamfuta har ranar da ta lalace.

Ku dubi gidajen ƙasa na unguwanninmu. Wanda ya shekara hamsin a tsaye ba wai ya fi na maƙwabta kyawun tubali ba ne. Maigidan ne, duk shekara kafin ruwa ya sauka, yake kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo. Aiki ne na kwana biyu ko uku da babu mai yabonsa, ba kamar ranar tarewa ba da ake taruwa a ci a sha. Wanda ya tsallake damina biyu bai yi ba, ta uku katangar za ta zube. Shafin intanet ma haka yake, yana da nasa yaɓen, kuma kusan duk abin da zan faɗa muku bayanin wannan yaɓe ne.

Ku fara da suna. Adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba ne na har abada. In wa'adi ya cika ba ka biya ba, za a ɗan jira ka, daga nan sai a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauke. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, farautar sunayen da masu su suka yi sakaci, su cika su da tallan caca ko abin da ya fi haka muni, alhali sunanka ne a kai, ko sunan makarantar Islamiyyar da ta ba ka amana. Saboda haka ka rubuta ranar biya a takarda, ka kuma sa ta a waya. Ka yi rajista da imel ɗinka na kanka wanda kake buɗewa kullum, kada ka bari a yi maka da na mai shagon kwamfuta ko na aboki, domin wanda imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shafin, ko da kai ka biya.

Ku kuma yi lissafin kuɗi tun kafin ku ɗora. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ke biyan suna da masaukin shafi da dala ya wayi gari kuɗin ya ninka sau uku, aljihunsa kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa nake ba ɗalibi shawarar suna mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana kuma biyansa da naira ta hannun kamfanonin cikin gida. Kada ka ɗauki nauyin da ba za ka iya biya ba a shekarar da tumatir ya faɗi warwas a kasuwa.

Na san za ku ce akwai na kyauta. Akwai, kuma ban hana ba. GitHub Pages, alal misali, yana ɗaukar ƙaramin shafi ba tare da ko sisi ba. Amma ku san tarihin kyauta a intanet. GeoCities ya taɓa zama matattarar miliyoyin shafukan mutane irin naku, kamfanin Yahoo ya rufe shi a 2009. Google+ ya tafi a 2019. Heroku, inda ɗalibai da yawa ke ajiye ƙananan manhajojinsu, ya janye tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022. A nan gida kun ga an toshe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawarar masu amfani da shi. Don haka duk abin da ka rubuta, ka riƙe kwafinsa a hannunka: ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a filash da ka ajiye a wani ɗaki daban, ɗaya a intanet. Lokaci-lokaci ka gwada dawo da aikin daga kwafin ka gani ko yana tashi. Mu da muke fama da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona caja, da ƙurar hunturu da ke shiga cikin na'ura, mun fi kowa buƙatar wannan. Ka koyi Git tun da wuri, domin shi ke adana tarihin kowane canji, in ka ɓata abu yau ka koma na jiya.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya mini a rai, wato rushewa a sake gini.

Akwai wani ƙaiƙayi da ke kama mai rubuta manhaja. Ya koyi sabon salo, ya dubi aikinsa na bara, ya ji kunya, ya ce zai share komai ya faro daga tushe. Ɗana, wannan kunyar alama ce ta cewa ka ci gaba, ka gode wa Allah a kanta. Amma tsohon aikin nan da kake rainawa yana ɗauke da gyare-gyaren da ka manta ka yi. Layin nan da ka ga ya karkace, wataƙila shi ne ya magance matsalar da wata wayar itel ke bayarwa. In ka share, matsalolin za su dawo ɗaya bayan ɗaya, ka sake biyan kuɗin makarantar da ka riga ka gama. Manya ma sun faɗa wannan rami. Kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ke kan gaba a tsakiyar shekarun 1990, ya yanke shawara a 1998 ya sake rubuta ta daga farko. Sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya kwashe kasuwa.

Ban ce kada a taɓa sauya fasali ba. Abin da nake so shi ne ka tambayi kanka don wa za ka sauya. In mai karatu ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta, ko shafin na cinye masa data, ko ba ya gane inda zai latsa, to wannan dalili ne. In kuwa kai ne kawai ka gaji da launin, ka canza launin ka bar sauran. Ka yi gyara sashe-sashe, shafin yana aiki kana gyarawa. Kafin ka saki sabon fasali, ka ari ƙaramar waya mai ƙaramin memori, ka je inda sabis ke rawa, can wajen Gimi ko Likoro ko Kurmin Kogi, ka buɗe shi a nan. Abin da ya buɗu a can zai buɗu ko'ina. Hoto ɗaya da ka ɗauko kai tsaye daga kyamarar waya yana iya kai megabait 3 ko 4. In ka matse shi sai ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ido bai ga bambanci ba. Wannan tausayi ne ga mutumin da ya sayi datar naira 200.

Kuma in ka sake fasali, kada ka kashe tsofaffin adireshin shafukan ciki. Wani ya tura wa ɗan'uwansa a WhatsApp shekara biyu da suka wuce, wani malami ya rubuta shi a takardar ɗalibai. In dole ne su canza, ka sa tsohon ya riƙa kai mutum ga sabon. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN, ya yi rubutu kan wannan tun 1998, yana jan hankali cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya sauyawa. Shafinsa na farko, na 1991, rubutu ne zalla, cibiyar ta maido da shi a adireshinsa na asali a 2013, kuma kowace waya tana buɗe shi a yau. Shafukan da aka ƙawata da Adobe Flash kuwa, waɗanda a zamaninsu su ne abin yayi, sun daina aiki bayan ƙarshen 2020. Abu mai sauƙi ya fi daɗewa. In WordPress kake amfani da shi, ka rage kayan ƙari da ake liƙa masa, ka riƙa sabunta waɗanda ka bari, domin ta tsofaffinsu masu kutse suka fi shigowa.

Ka riƙa barin bayani a cikin aikinka: me manhajar ke yi, yaya ake tada ta, me ya rage. Bayan wata shida kai kanka baƙo ne a wurin. In ka nemi taimakon ChatGPT ko makamancinsa, babu laifi, amma kada ka saka layin da ba ka gane ba, don ranar da ya lalace kai za a kira.

To, me za a zuba a ciki? A nan ne nake ganin kuna da arzikin da ba ku lura da shi ba. Kowa na son ya gina abin da zai yi gogayya da Facebook, alhali ga raken Makarfi ana lodinsa zuwa garuruwa masu nisa, ga tumatirin Ikara da har aka kafa masa masana'anta, ga inabin da ake nomawa a Kudan wanda mutane da yawa a ƙasar nan ba su ma san da shi ba. Yaron da zai riƙa rubuta farashin kwandon tumatir da damin rake kowace ranar kasuwa, ya yi shekara biyar bai fasa ba, zai mallaki abin da manomi da ɗan kasuwa da mai bincike a Samaru za su nema. Yarinyar da za ta zauna da kakanninta ta rubuta tarihin unguwarsu, da sunayen gonaki da rafuka, da yadda ake dafa mazarƙwaila, ta ajiye abin da in tsofaffin nan suka tafi ba mai dawo da shi. Ƙaramar manhajar lissafin adashi, ko ta fitar da sakamakon jarrabawar Islamiyya, wadda mutum ashirin ke dogaro da ita, ta fi mini manyan mafarkai goma da aka bari a rabi. Ku rubuta da Hausa, ku sa ɓ da ɗ da ƙ yadda suke. Ku tabbata shafin yana kan tsarin UTF-8, ku zaɓi salon haruffan da ke nuna su, don kada su koma akwatuna a wayar mai karatu.

Da zarar mutane sun ba ka sunayensu da lambobin wayarsu, ka ɗauki amana. Kada ka karɓi bayanin da ba ka buƙata, kada ka ajiye kalmar sirrin mutane a fili, kada ka ɗora hoton kowa, balle na 'ya'yan mutane mata, ba da izini ba. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma mu tun kafin doka mun san hukuncin cin amana.

Kada ku raina ƙaramin aiki don ba ya kawo kuɗi yau. Linus Torvalds ɗalibi ne mai shekara 21 a Helsinki lokacin da ya fara Linux a 1991, don sha'awa kawai. A kansa aka gina Android ɗin da ke cikin aljihunku. Shi dai bai yasar da aikin ba, ya kuma bar wasu suka sa hannu. Malamanmu sun karantar da mu falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Awa ɗaya a mako ta isa: ka duba ko komai na buɗuwa, ka sabunta, ka ɗauki kwafi, ka ƙara rubutu ɗaya. Ku kuma riƙa haɗuwa, na Ikara ya duba aikin na Kudan, babba ya jawo ƙaninsa ya nuna masa, don in karatu ko aure ko aiki ya ɗauke ka a samu mai ci gaba.

In kuma aiki ya ƙare maka da gaske, ka rufe shi da mutunci. Ka sanar da masu amfani da shi tun da sauran lokaci, ka mayar musu da bayanansu, ka sa Wayback Machine ta adana shafukan, ka saki manhajar ga wanda zai iya ɗauka.

Roƙona gare ku, 'ya'yana: a wannan makon kada kowa ya fara sabon abu. Kowa ya koma kan tsohon aikinsa, ya duba ranar da sunan shafin zai ƙare, ya ɗauki kwafi, ya gyara abu ɗaya da ya lalace. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa abin da kuke ginawa ya amfani garuruwanmu.