Fitilar tana ci, ƙashin kunkuru yana laushi

A aikina na likitan dabbobi, duk wanda ya kawo mini kunkuru ko ƙadangaren da ake kiwo a cikin ɗaki, nakan fara da tambayarsa yaushe rabon da ya canza ƙwan fitilar kejin. Amsar ba ta cika sauyawa ba: "Likita, ai bai mutu ba, har yanzu yana kawo haske." To, a nan gizo ke saƙar.

Abu biyu waɗannan dabbobi ke nema a wurin rana: ɗumi, da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira UVB. Idan ya sauka a fatarsu, jiki sai ya haɗa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke ba hanji damar tsotse kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko an cika ganye da garin kalsiyam, yawanci zai bi kashi ya fita, jiki kuma ya koma yana zaro abin da yake bukata daga ƙashi.

Da hannu nake gane wannan ciwo. Kunkurun da ya haura shekara, ka ɗora babban yatsa a ƙoƙon bayansa ka ɗan danna, sai ka ji ya lotsa kamar robar ruwan sha da aka shanye. In ka ajiye shi ƙasa ba ya iya ɗaga cikinsa, jan ƙafafun baya yake yi. Ƙadangare mai gemu, wanda asalinsa na Ostireliya ne, muƙamuƙinsa kan yi laushi har ya kasa kama ƙwaro, yatsunsa na karkarwa. Mace kuwa ƙwai kan maƙale mata. Ana iya tsayar da ciwon da magani, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe haka zai zauna.

A keji, fitila ce ke maye gurbin rana. Cikin dogon ƙwan fitilar an shafe shi da wani farin gari, shi ne ke fitar da UVB. Garin da gilashin suna tsufa, ƙarfin UVB na raguwa wata bayan wata, alhali farin hasken da muke gani yana nan daram. Shi ya sa ba a jira sai ƙwai ya ƙone. Dogon ƙwai mai kauri, T8, da ƙaramin nan mai murɗe, galibi wata 6 ake ba su. Siriri mai ƙarfi, T5, kamfanoni irin su Arcadia da Zoo Med suna ba shi kimanin wata 12. Lissafin an gina shi ne kan kunnawa awa 10 zuwa 12 a yini. A awa 12, shekara guda awa 4,380 ke nan. Mai son tabbaci sai na'urar awo irin Solarmeter 6.5, sai dai kuɗinta ya fi na ƙwayaye da yawa. Wanda ba shi da ita, ya rubuta ranar da ya ɗaura ƙwan a gindinsa da maka.

Wanda ya fi ba mutane wahala a ƙasarmu shi ne babban ƙwai mai tururin makyuri, wanda ke haɗa zafi da UVB wuri guda. A takarda abin sha'awa ne. Amma ba ya son girgiza, ba a haɗa shi da abin rage haske, kuma in aka ɗauke wuta sai ya huce na wasu mintuna kafin ya sake kamawa. A gidan da ake sauya layi daga wutar gari zuwa janareto sau da yawa a yini, da wuya ya cika kwanakinsa. Ni dai nakan ba da shawarar a raba aikin: ƙwan halojin mai araha don ɗumi, T5 don UVB. Mai odar kaya daga Amurka kuma ya duba kwali, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

Ba kowace fitila mai shuɗin haske ce ta dace ba. Wadda ake duba jabun kuɗi da ita UVA take bayarwa, ba ta haɗa D3. Ta kashe ƙwayoyin cuta, irin wadda ke cikin akwatin tsaftace kilifa a shagon aski, UVC ce, kuma tana ƙona ido da fata, na dabba da na mai ita. Jan ƙwan ɗumama 'yan tsaki zafi kawai ke gare shi.

Ko ƙwan na ƙwarai ne, wurin ɗaura shi na iya ɓata komai. Gilashin taga da murfin roba suna tare UVB kusan gaba ɗaya, raga mai ƙananan ido tana cinye wani kaso mai yawa, kuma ƙarfinsa na faɗuwa da sauri in aka nisanta shi. In ya matso da yawa kuma, ido ya kumbura, dabba ta rufe shi ta ƙi ci. A bi tazarar da aka rubuta a kwali, a kuma bar gefe guda na kejin a inuwa.

Wani abu yana ba ni mamaki. Waɗannan fitilu an ƙera su ne don mai kiwo a ƙasashe irin su Ingila ko Jamus, inda rana ke wuya rabin shekara. Babban kunkurun Sahel da Turawa ke saya wa fitila mai tsada, ɗan ƙasarmu ne, kuma na gidajen kakanninmu da ke yawo a tsakar gida ba su san wannan ciwo ba. Waɗanda ake kawo mini na bene ne da na falo mai tayil. In da tsakar gida, a fitar da kunkurun da hantsi ya sha rana kai tsaye, da inuwar da zai koma da ruwa a kasko marar zurfi. Kada a fitar da shi cikin akwatin gilashi, domin zafin da ke taruwa ciki na iya kashe shi cikin ɗan lokaci, kuma ƙanana a rufa musu raga mai manyan ido saboda shirwa da kyanwa.