Darasi na 6: Baƙuwa da 'ya'yanta a makarantar garinmu

Manufa: mu gane abin da ke sa 'ya'yan baƙi barin makaranta, mu kuma tsayar da abin da ƙungiyarmu za ta yi a kai. Magatakarda ta karanta wa taro labarin nan na wata 'yar'uwarmu.

Da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, mun sauka garin nan da yara huɗu da buhun gero ɗaya. Na kai babbar 'yata firamare, aka karɓe ta ba musu. Sai dai duk wani labarin makaranta a bakin rijiya ake yin sa, ko wurin suna da biki, ni kuwa ba wanda ya san ni balle ya gayyace ni. An yi taron iyaye da malamai ban ji ba. An raba littattafai ban ji ba. Yarinya ba yunifom, kullum tana can bayan aji, yara na kiranta 'yar gudun hijira. Wata safiya ta ce mini, "Inna, ni ba zan koma ba." Wallahi har na yarda, na fara haɗa mata tallan ƙuli-ƙuli.

Maƙwabciyata ce ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, ina yarinyar nan? Kwana biyu ba na ganinta a hanya." Washegari ta raka ni wurin hedimasta. A nan na ji cewa a Najeriya dokar 2004 ta sa karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas, ga ɗan gari da baƙo. Ita ce kuma ta shigar da ni ƙungiya, aka ɗinka yunifom daga asusun taimako. Yau yarinya tana aji biyar.

Ana cewa baƙo raɓa ne, amma da yawanmu mun zo ke nan, a nan 'ya'yanmu za su girma. Lokacin nan kunya ta hana ni tambaya, kuma ban san wa zan tambaya ba.

Mu tattauna:
1. Gida nawa ne na baƙi a unguwarmu? 'Ya'yansu na zuwa makaranta?
2. Ta wace hanya labarin makaranta ke iso mana? Wa yake tsallakewa?
3. Wane suna 'ya'yanmu ke kiran 'ya'yan baƙi da shi? A bakin wa suka ji?

Aikin wannan mako: kowace baƙuwa a haɗa ta da mamba ɗaya da za ta riƙa kai mata labari, ta raka ta taron iyaye. Mu kuma duba dokar asusun taimakonmu: ta yarda a taimaki wadda ba ta shiga ƙungiya ba tukuna? In ba ta yarda ba, mu yi shawara a zama na gaba.