Cimaka da Motsa Jiki a Rayuwar Ma'aikacin Jami'a

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki. A wannan maƙala zan yi tsokaci a kan cimakar ma'aikatan jami'a da motsa jikinsu. Na ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a unguwar Manawashi yana aiki a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004 a Tudun Wada.

2.0 Abin da Harshe ya Nuna

A nazarina, Bahaushen dauri bai ware motsa jiki a matsayin wani aiki na daban ba. Noma da daka da jan guga da tafiyar fatauci sun wadatar da shi, ga kuma dambe da kokawa da langa. Kalmar atisaye kuwa an fi jin ta a bakin sojoji. Haka nan, idan aka ce wa mutum "ka yi ƙiba", yabo ne, domin ana kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata.

3.0 Halin da ake Ciki

Ma'aikacin yau yakan hau mota ko Keke Napep daga ƙofar gida har ƙofar ofis. Daga nan sai zaman duba takardu da taron sashe, da rana kuma farar shinkafa da lemon kwalba. Abincin da jiki bai ƙona ba kitse yake zama, ƙiba kuwa tana share wa hawan jini da ciwon suga hanya. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, sai dai a ji ɓarin jiki ya shanye.

4.0 Mafita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Ya ci ganyaye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 kullum. A jagorarta ta 2020 ta ce a motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin adadin.

Cimakarmu ta gargajiya ta isa: tuwon dawa da miyar kuka, kwaɗon zogale ko rama, wake, da fura da nono ba tare da tula suga ba. A rage dunƙule, daddawa ta ɗauki nauyin ɗanɗano. A sauka daga abin hawa tun a ƙofar jami'a, a ƙarasa da ƙafa, kuma a riƙa auna jini a kai a kai.

5.0 Kammalawa

Ina kira gare mu ɗaliban harshe, mu da za mu gaji waɗannan kujeru, mu fara tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.