ƊOREWA A KAN AIKI, DA HAƘƘIN JIKI A KAN MAI SHI

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ko Nasarawa a zamanin da masaƙu suke ci, ya san yadda hanya take cika da ma'aikata tun da sassafe, waɗansu a ƙasa, waɗansu a kan kekuna. Masaƙar KTL ta soma aiki a 1957, waɗansu suka biyo bayanta kamar UNTL da Arewa Textiles, ga kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975. Mutanen nan ba su san suna motsa jiki ba, su dai neman abinci suke yi. Amma da yake tafiyar ta kullum ce, rani da damina, ita ta riƙe musu jikinsu. KTL ta tsaya a 2002, babur da Keke Napep suka gaje ƙafa da keke, har ya kasance mutum ba ya zuwa bakin titi sai a kan abin hawa.

To, yau idan likita ya auna mutum ya sami hawan jini ko ciwon suga, ya ce masa ya riƙa motsa jiki, me yake faruwa? Mun sha gani. Sai ya sayo takalmin kambas da rigar wasanni, ya tashi daga Barnawa da gudu, ya ce sai ya ƙetare gada ya taɓa filin wasa na Ahmadu Bello. Kwana uku ya yi haka, na huɗu gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, takalmi ya koma ƙarƙashin gado. Ba lalaci ne ya kayar da shi ba, ɗoki ne.

Wannan ɗoki kuwa tsohon ciwo ne, har sahabbai ya taɓa. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su, yana saurayi mai jin ƙarfi, ya ɗaukar wa kansa yin azumi kowace rana da tsayuwar dare duka. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya kira shi, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Ya yanka masa azumin kwana 3 a wata. Abdullahi ya ce zai iya fiye da haka. Aka yi ta ƙara masa kaɗan-kaɗan yana neman ƙari, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, wato yau azumi gobe hutu, aka ce masa kada ya wuce nan. Saukar Alƙur'ani ma daga wata guda aka faro, aka tsayar masa a kwana 7. Da tsufa ya zo masa, nauyin ya yi masa yawa, sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko.

Mai karatu, dubi yadda aka yi wannan horo. Ba a kashe wa saurayin gwiwa ba, ba a kuma sakar masa linzami ba. An faro masa da abu kaɗan, an ƙara gwargwadon abin da zai iya ɗauka, an kuma sa masa iyaka domin ana hango masa tsufansa, wanda shi a lokacin ba ya hangowa. Wannan shi ne aikin mai horarwa na ƙwarai, ko malamin allo ne ko mai koyar da wasanni. A ganina, duk mai horarwar da ya karɓi kuɗin magidanci mai shekara 50, ya sa shi gudu da ɗaga ƙarfe a ranar farko har ya kasa sunkuyawa a ruku'u, bai riƙe amana ba, ko da kuwa shi mai kuɗin ne ya nema. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da ya fi soyuwa ga Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Maganar a kan ibada take, amma jikin da yake ɗaukar ibadar shi ma a kan wannan ƙa'ida yake tafiya.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da haka. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin safa masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Kwandastan nan ba ɗan wasa ba ne, yau da gobe ce kawai, wadda Bahaushe ya ce ita ke sa allura ginin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta shawarci baligi da ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 sau 5 ke nan, a mafi ƙaranci. Ƙarfin da aka samu kuma ba a ajiye shi kamar hatsi a rumbu; idan aka daina, cikin 'yan makonni yake soma zubewa.

Akwai wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka fitar a 2009 a Landan, a kan tsawon lokacin da sabon aiki yake ɗauka kafin ya zama jiki. Matsakaicinsa kwana 66 ne, amma wani ya fi wani jinkiri ƙwarai. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Saboda haka idan ruwan Agusta ya tsare ka, ko sanyin hunturu ya rinjaye ka, kada Shaiɗan ya raya maka cewa tun da ka fasa yau shi ke nan. Gobe ka koma.

Musulmi ma an sauƙaƙa masa, gama yana da lokuta 5 da ba sa motsi. Ɗaura tafiyarka a bayan sallar Asuba ko ta La'asar, ka tafi masallaci a ƙasa, ka dawo ta doguwar hanya, ka sami aboki wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ran da ka ji nauyin jiki. Sai dai a kiyaye: wandon da bai rufe gwiwa ba bai dace ba, wasa kuma kada ya cinye lokacin salla. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa.

Mata ba a cire su ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Maigidan da ya hana iyalinsa ko da zagaya tsakar gida ko fita tare da shi cikin sutura, alhali likita ya umarce ta, sai ya nemi wata hujja, ba wannan addini ba.

Maniyyata aikin Hajji kuwa su sani cewa sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau 7, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa a Mina cikin zafi da cunkoso. Wanda ya biya kuɗin kujera, ya soma tafiyarsa a ƙasa tun ranar da ya karɓi rasit, kada ya bari sai an kira shi sansanin alhazai.