Manna da Manne: Darasi Daga Dashen Murjani

Yawancinmu dutsen ado muka sani da murjani, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci. Amma a teku halitta ce mai rai. Masu kiwonsa cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri sukan ɓallo ɗan reshe su dasa a jikin dutse, kuma a ganina aikin yana fayyace aikatau biyu da ke rikita ɗalibai.

Murjani mai tauri ana manna shi da gam mai kauri irin Super Glue, wanda danshi ke sa shi daskarewa. A nan da mai aikatawa, giredi na 1 ke nan. Mai laushi kuwa yauƙi gare shi, gam ba ya kama shi. Sai a ɗaure shi sako-sako da roba, don in an matse za ta yanka shi. Bayan 'yan makonni ya manne da kansa, giredi na 4, sannan a cire robar.