Bayan An Dasa Sabuwar Gaɓar Ƙugu

Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura da gaɓar ƙugunsa ta lalace, ko don amosanin jini ya cinye kan ƙashin, ko don tsufa ko faɗuwa, yawanci Kano ake tura shi, Asibitin Ƙashi na Dala. Can ake yanke mataccen kan ƙashin cinya a dasa na ƙarfe. Aikin ba baƙo ba ne, tun wajen 1962 wani likitan Ingila, John Charnley, ya daidaita shi. Amma jama'a su sani, gyaruwarsa ko ɓacinsa a gida yake.

Tsokar da aka yanka ba ta kama sabuwar gaɓa sosai sai bayan mako 6 zuwa 12. Kafin nan likitoci kan kafa doka: in an zauna kada gwiwa ta ɗara ƙugu tudu, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa ƙafar zuwa ciki. In an karya, gaɓa na iya gocewa, a sake ɗaukar mutum sai Kano.

To, dubi zamanmu. A tabarma muke cin tuwo, a tsugunne muke shiga masai, da durƙuso muke gaida manya. Duk waɗannan an hana. Saboda haka tun ba a sallamo majinyaci ba, 'yan'uwa su sa kafinta ya yi kujera mai tudu da hannuwa, da wata mai huda da za a ɗora bisa masai. A ɗaga ƙafafun gado da bulo, a riƙa sa matashi tsakanin cinyoyi wajen kwanciya. Salla kuwa a kujera, da ishara, malamai ba su da ja a kan haka. Dattawa ne suka fi taurin kai a nan, sai a bi su da lallashi. Acaɓa kuma a manta da shi tukuna.

Wasu kuma tsoro ke kwantar da su. Wannan ma kuskure ne, don jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Shi ya sa masu gashin ƙashi ke tsayar da mutum kwana ɗaya ko biyu da aiki. A ci gaba da takawa da sanda a tsakar gida, a yawaita motsa idon sawu. Kada a kai ƙafar wurin mai ɗori ya ja, ƙarfe ba ya ɗoruwa.

In sha-raɓa ta kumbura, ko rauni na ruwa da zazzaɓi, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya, a garzaya Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa. Maganar komawa sujada da riƙon fartanya, likitan da ya yi aikin za a tambaya ranar da ya ce a dawo.