Genna a Khartum da Omdurman: Abin Yi da Abin Bari ga Mai Aikin Sa Kai da Yara

Fara da gyara kalandarka. Kirsimetin Habashawa, wato Genna, ranar 7 ga Janairu ake yin ta, rana ɗaya da Kibɗawan unguwar Masalma a Omdurman. Kada ka tara yaran unguwar Daim ko Sahafa ko Jiref ranar 25 ga Disamba da sunan biki. A lokacin iyayensu na tsakiyar azumin kwana 43 da suka ɗauka tun 25 ga Nuwamba: ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Ƙananan yara ba sa azumin, amma manyansu na yi, don haka tambayi uwa kafin ka miƙa kek.

Ranar bikin kuwa, maganar nama ta fi komai tsauri. Kada ka je kasuwa ka sayo da kanka. Masu riƙo da addini cikinsu ba sa cin yankan wanda ba Kirista ba, kamar yadda kai ma kake tambayar wa ya yanka. Ba iyaye mata kuɗin cefane, ka ja gefe. Su suka san tulin albasar da miyar doro wat ke ci, da barkonon berbere, da dafaffen ƙwan da ake jefawa ciki. Kada kuma ka ce injera ai kisra ce; an san sun yi kama, amma mai girki ba za ta gode maka ba. Ci da dama. In an ɗebo loma an nufo bakinka, karɓa, karamci ne. In an ɗora gahawa, zagaye uku ake sha, ba a tashi bayan kofin farko.

Daren Genna ana kwana a coci ne cikin fararen mayafai. In an gayyace ka kuma za ka iya, cire takalmi a ƙofa, maza gefe, mata gefe da lulluɓi. In ba za ka iya ba, faɗa da ladabi. Kada ka sa wa yara wani shiri da sassafe.

Kada ka tambayi yaro ko shi Batigire ne ko Ba'amhare ko ɗan Eritiriya. Wasunsu yaƙin Tigray na 2020 ya koro, na Sudan kuma ya sake korarsu daga 15 ga Afrilun 2023. Haka nan hoto: ba izinin iyaye, ba ɗauka, balle a zuba a Facebook. Iyalin da takardun zamansa ba su cika ba, hoto ɗaya na iya ja masa bala'i.

Bar rigar Baba Kirsimeti a gida; rabon kyaututtuka ba shi ne jigon Genna ba. Nemi sanduna masu lanƙwasa da ƙwallon katako, dattijo ya koya musu wasan genna. Amma kada a buga shi a filin da ba a bincika ba. Khartum ta sha ruwan wuta, kuma harsasan da ba su fashe ba suna nan cikin ƙasa.